Hajiya Za Ta Ingila Wankan Jego: Akwati Biyu Ko Jakar Hannu Kaɗai?

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne a Kano, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Ƙanwata da ke aure a Manchester tana gab da haihuwar fari, mahaifiyarmu za ta je ta zauna da ita wata uku. Mijinta ne ya sayi tikiti, amma ya kafe a kan kada Hajiya ta ba da kaya a awo, ta riƙe jakar hannu kawai, wai duk abin da take buƙata zai saya mata a can. Dalilinsa shi ne bara akwatinsa ya ɓata a hanya, sai bayan kwana goma aka kawo masa shi a fashe, kuma Hajiya ba ta jin Turanci, ga sauyin jirgi a hanya. Ita kuwa ta riga ta cika Gana-mas-go biyu da kayan jego: kanwa, yaji, kuka, daddawa, kilishi, man shanu, turaren wuta da humra, ga atamfofi da kayan jariri. 'Yan'uwa kuma sun fara kawo saƙo a kai wa nasu. Shekarunta sun haura sittin, tana allurar ciwon suga, tana fama da gwiwa, kuma ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita waje ba. Ta ce idan hannu rabbana za ta je wa 'yarta, gara ta fasa. Shi ba ya iya yi mata musu, ita ba ta iya yi masa magana, duk ni suke kira. Wa zan bi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya a tsakani, domin surukuta ta hana su biyun faɗa wa juna abin da ke ransu, kuma idan babu irinka, ƙaramar magana kamar ta akwati tana iya zama abin da za a riƙa tunawa da shi shekaru. Amsata a taƙaice ita ce Hajiya ta ba da akwatunanta a awo, ta riƙe jaka mara nauyi a hannu, amma sai an zazzage abin da ta ɗaure an sake shiri, saboda haɗarin da ke cikin kayan nan ya fi wanda mijin ƙanwarka yake tsoro.

Ka fara da yi masa adalci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma mutumin da ya yi kwana goma yana kiran ofishin jirgi ba zai so a maimaita wannan da surukarsa ba, musamman a makon da matarsa take kan gwiwa. Tsoronsa yana da tushe. Kamfanin SITA, wanda ke tattara alƙaluman kayan matafiya na duniya, ya ce a 2023 an samu matsala da jaka kusan bakwai a cikin kowane fasinja dubu, kuma kusan rabin jinkirin isowar kaya yana faruwa ne a wurin sauyin jirgi, irin wanda Hajiya za ta yi. Sai dai alƙaluman nan guda sun nuna cewa wajen kashi uku cikin huɗu na matsalolin jinkiri ne kawai, kayan suna biyo mai su daga baya, kuma waɗanda suke ɓata ɗungurungum kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya same shi yana faruwa, amma ba shi ne abin da aka saba gani ba.

Inda na saɓa da shi shi ne maganin da ya kawo. Jakar hannu kaɗai tsari ne na matashi mai ƙarfi wanda zai yi kwana uku ya dawo, ba na dattijuwa mai ciwon gwiwa da za ta yi wata uku a ƙasar sanyi ba. Yawancin jiragen da ke tashi daga Kano da Abuja zuwa Turai ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha suna ba wa mai ƙaramin tikiti kilo 7 ko 8 ne a hannu, a jakar da tsawonta bai wuce kimanin santimita 55 ba, kuma ita jakar kanta tana cin kilo biyu ko uku tun ba a sa komai ba. Abin da ya rage ba zai ɗauki atamfa biyar da takalmi da magani ba. Idan aka matsa aka cusa, Hajiya ce za ta ja wannan nauyi a dogayen barandun filin jirgin da za ta sauka, ita za ta ɗora shi a na'urar bincike, ita kuma za ta nemi mai ɗaga mata shi zuwa ma'ajiyar da ke saman kujera. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: idan jirgi ya cika, ma'aikata suna karɓar jakunkunan hannu masu taya a bakin ƙofa su tura su ƙasan jirgi tare da sauran kaya. Ke nan wanda ya zuba komai nasa a jaka ɗaya don gudun ɓata yana iya rabuwa da ita a minti na ƙarshe, har da maganinsa a ciki.

Ga kuma dokar abu mai ruwa. Tun 2006, bayan da aka bankaɗo wani shiri na kai hari da sinadarai masu ruwa a jiragen da ke tashi daga Ingila, ba a barin fasinja ya shiga da kwalbar da ta wuce mililita 100 a hannu. Wasu filayen jirgin sun fara sassautawa saboda sababbin na'urori, amma kada a dogara da hakan, tunda za a sake binciken Hajiya a inda za ta sauya jirgi. Humrar da ta haɗa wa 'yarta, idan tana jakar hannu, a kwandon shara za ta ƙare a gaban idonta. A cikin akwatin awo kuwa za ta wuce, muddin an toshe bakin kwalbar, an naɗe ta da leda, an cusa ta a tsakiyar tufafi.

Ita ma Hajiya a fahimce ta. Ba kwaɗayin kaya ne ya sa ta kafe ba. Uwar da za ta je wankan jego tana tafiya ne da abin da ta sani, kunun kanwa da yaji da turaren ɗaki, kuma wannan shi ne gudummawarta a gidan da ba ta san kasuwarsa ba, ba ta jin harshen maƙwabtansa. Idan aka ce ta je da jaka ɗaya a saya mata komai, abin da kunnenta yake ji shi ne za ta je ta zama baƙuwar da ake yi wa hidima, alhali ita ta shirya ne ta je ta yi hidimar. Wannan ne ya kamata ka fassara wa surukinku, da lafazi mai laushi, domin na tabbata bai kalli abin ta nan ba. Amma a Hajji hukumar alhazai ce ta ɗauke mata wahalar kaya, ga abokan tafiya masu jin Hausa ko'ina, don haka ba ta san yadda tafiyar mutum ɗaya take ba, kuma ba ta san cewa wasu daga cikin abubuwan da ta ɗaure ba za su shiga Birtaniya ba ko da akwatin ya isa lafiya.

A nan ne aikinka yake. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin Najeriya shiga da nama ko abin da aka yi da nama, da madara ko abin da aka yi da ita, komai ƙanƙantarsa kuma komai bushewarsa. Kilishi, dambun nama da man shanu duk sun faɗa ciki. Idan jami'an kan iyaka suka gani za su ƙwace su lalata, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana ba yana iya fuskantar tara ko tuhuma, abin da ba ma so ya shiga tarihin bizar Hajiya. Na san kilishin ne zai fi yi mata ciwo, amma a Manchester akwai mahauta na halal da shagunan kayan abincin Afirka a unguwanni irin su Cheetham Hill da Longsight da Moston, kuma dambun da za ta yi da hannunta a can ya fi wanda ya kwana biyu a ƙasan jirgi. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo 2, saboda haka tana da abin da za ta musanya da shi. Ɗanyen ganye, 'ya'yan itace da iri su ma a bar su a gida. Kayan da aka daka aka busar, irin su kuka da yaji da garin kunu, ba su cikin jerin nama da madara, amma a zuba kowanne a leda mai haske, a liƙe, a rubuta sunansa da Turanci a jiki. Kanwa ta fi kowanne buƙatar wannan, domin farin dutse ko farin gari mara suna a cikin akwati yana jawo tambayoyin da Hajiya ba za ta iya amsawa ba. Daddawa a ninka mata leda uku ko a sa ta a roba mai murfi, in ba haka ba kayan jaririn da ƙamshinta za su isa. Gawayin turare mai kamawa da wuri da ashana kada su shiga akwati sam, kayan wuta ne. Idan ta sauka tana shakkar wani abu, ta bi jar ƙofar kwastan, wato ta masu kayan da za su bayyana, ta nuna shi, wanda ya nuna da kansa ba a ɗaukarsa mai laifi.

Su kansu Gana-mas-go ɗin a sauya su. Kamfanin jirgin Habasha ya daina karɓar irin waɗannan jakunkuna daga Najeriya tun ƙarshen 2023, sai an sa su a kwali ko wani abu mai tauri, saboda suna maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya, kuma ko a inda ake karɓarsu su ne suke fara yagewa. A nemi akwati biyu masu ƙwari da taya. Kafin nan ka buɗe takardar tikitin ka duba abin da aka rubuta game da kaya. A hanyoyin Najeriya zuwa Turai an saba ba da akwati biyu, kowanne kilo 23, amma akwai tikiti mai rahusa da ba ya ɗauke da kayan awo ko yake ba da akwati ɗaya, kuma mai yiwuwa ne irinsa surukinku ya saya ya ji nauyin faɗa. Idan haka ne, kada ka tona, ka ce kai za ka biya kuɗin akwatin a matsayin taka gudummawar, ka biya ta intanet tun kafin ranar, ya fi sauƙi a kan biya a filin jirgi. A auna kowane akwati a gida a bar shi a kilo 22, domin sikelin gida da na filin jirgi ba su cika yin daidai ba, kuma ba ka so a ga Hajiya a durƙushe a gaban layi tana fitar da ƙullin kuka.

Maganar saƙo ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, kuma a kanta ba na son ka yi sassauci. Duk abin da ke cikin akwatin da ke ɗauke da sunan Hajiya, a idon doka nata ne, kuma cewa "ba ni aka yi in kai" ba ya fitar da kowa. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan an samu ƙwayoyin tramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, gwamnati ta sa baki, bincike ya nuna wasu ne suka yi mata wannan aika-aika, kafin aka sake ta a watan Afrilun 2019. Ita ba ta ma karɓi saƙon kowa ba, to ina ga wanda ya karɓi ƙulli a ɗaure bai buɗe ba? Ba ina cewa 'yan'uwanku mugaye ba ne. Sau da yawa mai ba da saƙon shi ma wani ne ya ba shi, ko kuma ya sa maganin ciwon jiki ko na tari da ake saya a kemis a nan, bai san cewa tramadol da kodin magunguna ne da ake tsananta doka a kansu a Birtaniya ba. Ka sanar da kowa cewa saƙo a hannunka za a kawo shi, a buɗe, kwana uku kafin tafiya, kuma babu magani, babu garin gargajiya mara suna, babu nama, babu abin da aka ɗinke ko aka liƙe. Wanda ya biyo ku filin jirgi da leda a ba shi haƙuri. Hajiya ba za ta iya cewa a'a ga ƙawarta ko ƙanwar mijinta ba, don haka ka ɗauke mata wannan nauyin, ta riƙa cewa kaya suna hannun yaron nan, shi ya san dokar. Za a ce ka cika tsauri, kuma za a manta kafin a yi suna.

Abin da za ta riƙe a hannu kuwa, a auna shi da tambaya ɗaya: idan akwatunan suka yi jinkirin kwana biyu, me ba za ta iya rayuwa babu shi ba? Na farko maganinta, gaba ɗayansa na wata ukun, a cikin kwalayensa na asali, tare da wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da sunanta da sunayen magungunan da adadin da take sha. Insulin, wato allurar ciwon sugarta, ba ya shiga akwatin awo, domin sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace ba tare da an gane ba. A sa shi a 'yar jakar sanyaya magani, tare da allurai da na'urar gwajin suga, kuma da wasiƙar likita masu bincike suna barin su su wuce. A haɗa mata da dabino ko alewa saboda faɗuwar suga idan abinci ya yi jinkiri. Abin sauƙi a nan shi ne agogon Ingila daidai yake da namu a lokacin zafinsu, awa ɗaya ne bambanci a lokacin sanyi, amma duk da haka likitanta ya tsara mata lokutan allura na ranar tafiyar. Sai fasfo, tikitin dawowa, takardar gayyata, da adireshi da lambar wayar surukinku a rubuce a takarda, ba a waya kaɗai ba. Sai kuɗi da 'yan gwala-gwalanta, waɗanda ba a taɓa sa su a awo. Sai waya da caja, da fawa-bank idan tana da shi, wanda doka ta hana sa shi a akwatin awo saboda batirinsa yana iya kamawa da wuta. Duk waɗannan su shiga jakar rataya da za ta zauna a ƙarƙashin kujerar gabanta, wadda ba mai karɓe ta. Ƙaramar jaka ta biyu ta ɗauki kaya kala biyu, hijabi, safa da rigar sanyi. Babbar rigar sanyi kuwa surukinku ya saya ya zo da ita filin jirgi, ga inda tayinsa na saye zai yi amfani.

Matsalar harshe da gwiwa tana da magani guda, kuma kyauta ne. A kira kamfanin jirgin, aƙalla awa 48 kafin tashi, a nemi a sa mata taimakon keken marasa lafiya tun daga Kano har Manchester. Ma'aikaci zai karɓe ta a ƙofar jirgi a inda za ta sauya, ya kai ta ƙofar jirgi na biyu, a can ma wani ya bi da ita wurin jami'an shige da fice, ya ɗauko mata akwatunanta daga bel, ya fito da ita har inda ake jiranta. Mai yiwuwa ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ka gaya mata keken ba don ƙafa kaɗai ba ne, ɗan rakiya ne wanda ya san hanya. Wannan shi ne abin da nake ganin zai fi kwantar wa surukinku da hankali, tunda ainihin abin da yake hangowa shi ne Hajiya tsaye ita kaɗai a gaban bel ba ta san wanda za ta tambaya ba.

Ranar tafiya ka tsaya tare da ita har inda aka yarda mai rakiya ya kai. Ka cire tsofaffin sitikun da ke jikin akwatunan, ka sa suna da lambar wayar Ingila a waje da kuma a takarda a ciki, ka ɗauki hotonsu a buɗe da a rufe ka tura wa surukinku. A raba kayan Hajiya gida biyu tsakanin akwatunan, yadda idan ɗaya ya makara ɗayan zai riƙe ta. Idan an auna, a duba doguwar sitikar da aka liƙa a ga an rubuta MAN, alamar Manchester, kuma a tabbatar 'yan guntayen rasit ɗin da aka ba ta biyu ne daidai da akwatunanta, ba uku ba. A ɗauki hotonsu su ma. Idan tikitin ɗaya ne tun daga Kano, kayan za su wuce da kansu, ba ruwanta da su a hanya. Idan kuwa za ta fara hawa jirgin cikin gida zuwa Abuja ko Legas da tikiti daban, sai ta karɓi kayan ta sake ba da su, kuma jiragen cikin gida ba su ba da kilo mai yawa haka, to a nan lallai wani ya raka ta. A duba kuma tazarar sauyin jirgi, idan ba ta kai awa biyu ba a nemi a gyara, domin a gajeren sauyi ne akwati ya fi rasa jirgi.

Idan duk da haka akwati bai fito ba, kada ta bar wurin sai an cika fom a teburin kayan da suka ɓata, an ba ta lambar bibiya. Mai tura keken ya kira surukinku ya yi bayani ta waya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Birtaniya duk suke ciki, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da ya karɓa, kuma tun ƙarshen 2024 iyakar diyyar ta kai kimanin dala dubu biyu ga fasinja ɗaya, gwargwadon abin da aka iya nuna shaidarsa. Akwatin da ya fashe ana kai ƙorafinsa a rubuce cikin kwana 7, na jinkiri cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe shi, wanda kuma ya wuce kwana 21 bai zo ba ana iya neman diyyarsa a matsayin ɓatacce. A ajiye rasit na duk abin da aka saya mata na dole a kwanakin jira.

Idan ka kira surukinku, kada ka fara da cewa bai yi daidai ba. Ka gaya masa an cire nama da man shanu, an hana saƙon da ba a buɗe ba, magani yana hannu, an nemi keke, sannan ka roƙe shi ya bar maka akwati biyun. Idan har yanzu hankalinsa bai kwanta ba, ku tsaya a akwati ɗaya na kayan jego da tufafinta, atamfofin rabo da saƙon mutane a aika su ta kamfanin jigilar kaya su same ta a can. Ita kuma Hajiya ka zauna da ita ku sake ɗaurin tare, ita tana zaɓa kai kana aunawa, kuma ku bar ɗan wuri, domin a dawowa da tsaraba kilo 23 ɗin nan dai za a ba ta. Allah Ya sauki ƙanwarka lafiya, Ya kai Hajiya Ya dawo da ita lafiya.